Pierre Messmer: Ya Ƙi Mamaya a Gidansu, Ya Tsare Ta a Gidan Wasu

A ranar 17 ga Yunin 1940, kwana uku da shigar sojojin Hitila birnin Paris, Marshal Pétain ya hau rediyo ya shaida wa Faransawa cewa lokacin ajiye makami ya yi. Cikin waɗanda suka ji jawabin akwai wani ƙaramin hafsa ɗan shekara 24, sunansa Pierre Messmer. Shi da abokinsa Jean Simon suka ce ba da su ba. Suka nausa kudu har tashar jiragen ruwa ta Marseille, suka sami shiga wani jirgin dakon kaya na Italiya da Faransa ta kama, mai suna Capo Olmo. A tsakiyar teku suka haɗa baki da kyaftin ɗin jirgin aka juya akalarsa zuwa Gibraltar, daga can sai Liverpool ta ƙasar Ingila. Kayan da ke cikinsa aka sayar, kuɗin suka taimaka wajen riƙe tafiyar Janar Digol ta ƙin mamayar Jamusawa a watanninta na farko, lokacin da mabiyansa ba su taka kara sun karya ba.

Wannan saurayi da ya gwammace gwamnatin ƙasarsa ta kira shi ɗan tawaye da ya zauna ƙarƙashin Jamusawa, shi ne bayan shekara 18 yake zaune a Dakar a matsayin babban wakilin Faransa a duk yankunanta na Afirka ta Yamma, a daidai lokacin da aka murƙushe masu neman 'yanci a Nijar. Ka tsaya a kasuwar Shuwarin ko a bakin sakatariyar Dutse ka ambaci sunansa, da wuya ka sami wanda ya taɓa ji. Amma Jigawa ta yi iyaka da Damagaram, aure da ciniki sun haɗa Maigatari da Ɓaɓura da Magariya da Dungas tun kafin Bature ya ja layi, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Aikin wannan mutum ya taɓa mu a zaɓen 1958, ya taɓa mu a gwajin bam na Sahara, ya taɓa mu a yaƙin basasa, ya sake taɓa mu a rigimar yuraniyom da ba ta mutu ba har yau.

Soja, fursuna, ma'aikaci

An haife shi ranar 20 ga Maris, 1916, a Vincennes da ke gefen Paris. Ya yi karatun lauya, ya kuma shiga makarantar da Faransa ke horar da jami'an mulkin mallaka. Irin waɗanda ke fitowa daga wannan makaranta su ne mutanen Nijar ke kira kumandan, takwarorin Razdan da Di'o a wajenmu. Bambancin shi ne kumandan ya fi Di'o sa hannu kai tsaye: shi ke yanke haraji, shi ke ɗaure mutum, sarki kuwa a idonsa ma'aikaci ne da za a naɗa ko a tuɓe.

Yaƙi ya riga aikin ofis zuwa. Bayan isarsa Ingila aka sa shi a rundunar baƙi ta Faransa, ya yi yaƙi a Gabon da Eritiriya da Siriya. A 1942 yana cikin sojojin da Janar Rommel ya yi wa ƙawanya a Bir Hakeim, cikin hamadar Libiya, suka riƙe wurin kusan mako biyu kafin su fasa ƙawanyar da dare su fice. Ya halarci gumurzun El Alamein, ya kuma shiga Paris a Agustan 1944 tare da waɗanda suka ƙwato ta. A wannan fage babu mai musun jarumtarsa.

A Agustan 1945 aka jefa shi da laima a arewacin Biyetnam domin ya share fagen komawar mulkin Faransa bayan faɗuwar Japan. Mayaƙan Ho Chi Minh suka kama shi. Ya yi wata biyu a hannunsu kafin ya tsere. A nan ya ga da idonsa abin da manyansa na Paris suka ƙi gani har sai da suka sha kashi a Dien Bien Phu a 1954: al'ummar da ta ƙudurta karɓar ƙasarta, bindiga ba ta riƙe ta har abada.

Ayyukansa na baya su suka nuna darasin da ya ɗauka. Bai ce a bar mutane su zaɓi makomarsu ba. Abin da ya tsayar a ransa shi ne, tun da 'yanci zai zo ko ana so ko ba a so, to Faransa ce ya kamata ta zaɓi hannun da zai karɓa, kamar mai gida da zai bar gari ya tsaya tantance wanda zai bar wa makullin rumbu. Duk sauran rayuwarsa ta aiki a Afirka a kan wannan ta ginu.

Daga Atar zuwa Dakar

A 1950 aka tura shi Atar ta Murtaniya a matsayin kumandan. Cikin shekara biyu ya zama gwamnan ƙasar. Daga 1954 zuwa 1956 ya yi gwamnan Kwaddebuwa, inda ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Houphouët-Boigny, ɗan siyasar da ya taɓa zama abokin hamayyar Faransa kafin ya zama babban amininta. A farkon 1956 ya koma Paris shugaban ma'aikatan ofishin minista Gaston Defferre, ya sa hannu a shirya dokar da ta ba kowane baligi ƙuri'a a yankunan mallaka, ta kuma ba kowane yanki ƙaramar gwamnatinsa. Dokar ta buɗe ƙofa, amma ta rarraba Afirka ta Yamma gida-gida, kowace ƙasa tana fuskantar Paris ita kaɗai.

Daga nan sai Kamaru, daga 1956 zuwa farkon 1958. Ya tarar an riga an haramta jam'iyyar UPC ta Ruben Um Nyobè, wadda ke neman cikakken 'yanci da haɗe Kamarun Faransa da ta Ingila. A zamaninsa aka kafa yankin soja na musamman a Sanaga-Maritime, aka kwashe mutanen ƙauyuka aka tara su a sansanoni a bakin hanya domin a yanke wa mayaƙan daji abinci da labari. An harbe Um Nyobè a daji ranar 13 ga Satumba, 1958, 'yan watanni bayan tashin Messmer, mulki kuma ya faɗa hannun Ahmadu Ahijo ɗan Garwa. Shi kansa Messmer bai ɓoye ba: a littafin da ya wallafa a 1998 ya amsa cewa sai da aka kawar da masu zafi sannan aka miƙa Kamaru ga masu sassauci. Sai a 2025 shugaba Macron ya yarda a rubuce cewa yaƙi Faransa ta yi a can.

A Yulin 1958 Digol, wanda bai daɗe da dawowa mulki ba, ya tura shi Dakar. Ƙasashe takwas ke ƙarƙashinsa, Nijar na ciki.

Raƙumi da giwa

A lokacin shugaban gwamnatin Nijar shi ne Jibo Bakari, tsohon malamin makaranta kuma ɗan ƙwadago, wanda ya zama magajin garin Yamai a 1956. Bazabarme ne, amma ƙarfin jam'iyyarsa ta Sawaba yana gabas, a Damagaram da Tasawa da Maraɗi, cikin direbobi da 'yan kamasho da teloli da ƙananan 'yan kasuwa da manoman gyaɗa. Alamarta raƙumi. Abokiyar hamayyarta, jam'iyyar ɗan'uwansa Jori Hamani, alamarta giwa. 'Yan Sawaba suna da zumunci da 'yan NEPU na Malam Aminu Kano, suna zuwa Kano ana zuwa musu, domin ciwon talaka a ɓangarorin biyu iri ɗaya ne: haraji, jangali da danniyar masu sarauta.

Digol ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumba, 1958. Wanda ya ce "I" zai zauna cikin ƙungiyar da Faransa ke jagoranta, tsaro da kuɗi da hulɗar waje na hannun Paris. Wanda ya ce "A'a" ya karɓi 'yancinsa nan take, amma ba ko sisi. A Afirka ta Yamma, shugabannin gwamnati biyu kaɗai suka kira jama'arsu su ce "A'a": Seku Ture a Gini da Jibo Bakari a Nijar.

Faransa za ta iya haƙura da Gini, amma ba za ta iya haƙura da Nijar ba. Nijar na maƙwabtaka da Aljeriya, inda sojojin Faransa ke tsakiyar yaƙi da masu neman 'yanci. A Sahara take shirin gwada bam ɗinta. A 1957 masu binciken ma'adinai sun ga alamun yuraniyom a Azelik. Ga kuma fargabar cewa Nijar mai 'yanci za ta karkata kudu, wajen danginta na Arewacin Najeriya.

Ana saura 'yan makonni zaɓe aka kawo sabon gwamna, Don Jean Colombani, ɗan tsibirin Kosika, tsohon gwamnan Senegal. Ya zo da aiki ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon Sawaba kuwa ya riga ya tsage: gwamnatin Jibo ta tuɓe wasu sarakuna, sauran suna tsoron kujerunsu. Aka janye su ɗaya bayan ɗaya zuwa ɓangaren "I", har da manyan da suka kafa gwamnati tare da shi irin su Isufu Saidu Jarmakwai. Kumandodi suka bar ofis suka shiga yawon neman ƙuri'a, aka baza sojoji a karkara, aka takura wa tarukan Sawaba. Da aka bayyana sakamako, "I" ta sami kusan kashi 78 cikin ɗari, amma waɗanda suka fita zaɓen ba su kai kashi 40 na masu rajista ba. Dubban talakawa suka tsallako Najeriya don tsoron abin da zai biyo baya.

Jibo ya sauka a watan Oktoba. Aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a Disamba, Jori Hamani ya hau ranar 18 ga watan. A Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, Messmer yana nan a Dakar. Gini kuwa, wadda ta ce "A'a", cikin 'yan makonni aka kwashe mata malamai da likitoci da injiniyoyi da kayan aiki, domin ta zama izina ga duk mai sha'awar bin sahunta. Ranar 3 ga Agusta, 1960, Nijar ta karɓi 'yancin da aka hana ta shekara biyu da suka wuce, amma a hannun wanda Faransa ta amince da shi.

Sauran labarin jini ne. 'Yan Sawaba suka watsu Bamako da Akara da Kano. A 1964 waɗanda suka sami horon soja a waje suka kutsa Nijar ta iyakoki daban-daban, har da ta Najeriya, aka murƙushe su, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. A Afrilun 1965 wani ya jefa wa Jori gurneti a filin idin babbar salla, ya tsira. Jibo bai sake taka ƙasarsa ba sai a 1974, ba a jima ba aka ɗaure shi shekaru. Ya rasu a 1998.

Ƙurar Reggane

A farkon Fabrairun 1960 Digol ya naɗa Messmer ministan sojoji, kujerar da ya riƙe fiye da shekara tara. Kwanaki kaɗan da hawansa, ranar 13 ga watan, Faransa ta tayar da bam ɗin nukiliyarta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, wanda ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima kusan sau huɗu. Duk wanda ya yi hunturu a Dutse ya san daga ina hazo ke tasowa, don haka fargabar da ta kama jama'a ba ta banza ba ce. Da Faransa ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disamban 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗa da ita ranar 5 ga Janairu, 1961, ta kori jakadanta Raymond Offroy, ta hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa. Ƙasa ce da ta yi wata uku kacal da samun 'yanci. Sai da aka yi kusan shekara biyar kafin a shirya.

Gubar gwaje-gwajen ta sami Messmer shi ma. Ranar 1 ga Mayu, 1962, ya je kallon wani gwaji da aka yi a cikin ramin dutse a In Ekker. Toshiyar ramin ta ɓalle, baƙin hayaƙi mai guba ya turnuƙe ya nufo manyan baƙi, kowa ya yi ta kansa. Messmer da ministan bincike Gaston Palewski duk gubar ta taɓa su. Palewski ya mutu da sankarar jini a 1984, yana mai imanin cewa ranar ce sanadi. Gwaji 17 Faransa ta yi a Aljeriya tsakanin 1960 da 1966, Buzayen da ke kiwo a yankin kuwa babu wanda ya nemi izininsu.

Messmer bai manta da abin da Najeriya ta yi ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Faransa ta karkata ga Biyafara, makamai suka riƙa shiga ta Gabon da Kwaddebuwa, musamman daga 1968. Bayan shekaru ya faɗa da bakinsa cewa bai yafe wa Najeriya matsayinta kan gwajin Reggane ba, kuma yaƙin ya ba da damar ramawa. Duk watan da waɗannan makamai suka ƙara wa yaƙin, an biya shi da rayukan yaran Ibo da yunwa ta kashe da na samarin da aka ɗiba daga garuruwanmu zuwa fagen daga. A nan ne kuma lissafinsa na 1958 ya ba shi kunya: Jori Hamani, mutumin da Faransa ta zaɓa, ya ƙi amincewa da Biyafara, ya tsaya da gwamnatin tarayya, har ya karɓi zaman sulhu a Yamai a Yulin 1968. Dangantakar jini da ciniki ta rinjayi umarnin Paris.

Wutar Paris, duwatsun Arlit

A Yulin 1972 shugaba Pompidou ya naɗa shi firayim minista. Da farashin mai ya ninka kusan sau huɗu bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973, Messmer ya fito ranar 6 ga Maris, 1974, ya bayyana shirin da har yau ake kira da sunansa: Faransa za ta dogara da nukiliya wajen samar da lantarki, za a fara da tukwane 13. Yau kusan kashi biyu cikin uku na wutar Faransa daga nan take.

Abincin waɗannan tukwane yuraniyom ne, kuma tun 1971 kamfanin Somaïr ke haƙo shi a Arlit. A wannan lokaci Nijar na cikin fari mai tsanani. Dattawan Jigawa ba su manta da 1973 ba, shekarar da dabbobi suka ƙare, Buzaye da Fulani suka gangaro kudu suna neman abin kaiwa baki. Jori ya ce tun da mai ya yi tsada, yuraniyom ma a ƙara masa daraja. A watan Maris Faransa ta turo minista Yves Guéna Yamai, aka tashi ba a daidaita ba. Ranar 2 ga Afrilu Pompidou ya mutu. Ranar 15 ga watan sojoji ƙarƙashin Saini Kunce suka kifar da Jori, aka kashe uwargidansa Aisa a daren. Sojojin sun kafa hujja da yunwa da wawure kayan agaji, kuma jama'a da dama sun yi murna. Masana tarihi sun rabu kan ko da hannun Faransa a ciki. Abin da ba a gardama a kansa shi ne akwai sojojin Faransa a Yamai, akwai yarjejeniyar tsaro, amma ba su motsa ba.

Yuraniyom ɗin Arlit ya yi shekara hamsin yana cikin abin da ke haska biranen Faransa, alhali a Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, Maraɗi da Damagaram ma ta layin Katsina suke samun tasu. Duk mai son fahimtar fushin da ya kori sojojin Faransa a Disamban 2023, ya kai ga ƙwace Somaïr a 2025, sai ya koma 1958 da 1974.

Messmer ya bar kujerar firayim minista a Mayun 1974. Ya daɗe yana magajin garin Sarrebourg, a 1999 aka zaɓe shi cikin majalisar manyan marubuta 40 ta Faransa. Ya rasu a Paris ranar 29 ga Agusta, 2007, yana da shekara 91, aka yi masa jana'izar girmamawa ta ƙasa.

Abin da ya rage mana

Dutse garin ma'aikata ne. Tun da aka ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, fayil da biro ne suka gina shi. Don haka labarin wannan mutum namu ne ta fuska biyu. Ya nuna abin da ma'aikaci mai horo da dogon hange zai iya yi wa ƙasarsa: shawarar da ya sa wa hannu a 1974 tana aiki bayan shi da waɗanda suka naɗa shi duk sun kwanta dama. Muna buƙatar irin wannan hange a noman rani na kwarin Haɗeja, a makarantunmu, a layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai reshe zuwa Dutse. Ya kuma nuna cewa ƙwarewa da biyayya ba sa wanke zalunci. Mutumin da ya ɗanɗani mamaya, ya ɗanɗani ɗauri, shi ya fi kowa sanin abin da Um Nyobè da Jibo Bakari ke nema, amma ya auna haƙƙin ƙasarsa da mudu ɗaya, na wasu da wani mudun. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar karɓe gonar talaka ba tare da diyya ba, yana cewa umarni ne daga sama, hanyar nan ya ɗauka ko da bai taɓa jin sunan Messmer ba.

Shi ya rubuta nasa ɓangaren da hannunsa, littafi bayan littafi. Na 'yan Sawaba kuwa sai da wani masanin tarihi ɗan Holan, Klaas van Walraven, ya yi shekaru yana bin tsofaffinsu gida-gida kafin ya fitar da shi da Turanci a 2013. Abin ya faru a ƙasar Hausa, mafi yawan waɗanda suka sha wahalarsa da Hausa suka yi kukansu, amma jikokinsu ba su da inda za su karanta shi da harshensu. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'a a 1958 sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu ma sun manyanta. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Sule Lamiɗo a Kafin Hausa, tare da takwarorinsu na Damagaram, su ya kamata su ɗauki na'urar naɗar murya su bi garuruwan bakin iyaka, su tambayi wa ya gudo, wa ya saukar da shi, wa aka ɗaure, wa bai dawo ba. Idan ba mu yi wannan aikin yanzu ba, tarihin 1958 zai zauna yadda waɗanda suka yi nasara a cikinsa suka rubuta shi.